Kafin Ka Miƙa Kuɗin Motar Gas Ɗin Nan, Ɗana

Ɗana, jiya bayan sallar Isha'i da ka shigo gaishe ni ka miƙo mini waya kana murmushi, na ga hoton motar, na kuma ga ranka ya riga ya kwanta da ita. Fara ce, mai kujera bakwai, injin gas, giyar otomatik, kuma dillali ya rantse maka cewa inda ta fetur za ta sha lita biyu, ita ɗaya ta ishe ta. Ban ce maka komai ba sai "Allah ya sa alheri", domin akwai baƙi a zaure, kuma ba a yi wa magidanci gyara a gaban jama'a. Yanzu da gida ya yi shiru na ce bari in rubuta maka, kai da sa'o'inka da nake gani kuna haɗa kai a kan waya ɗaya kuna musun mota kamar masu musun ƙwallo.

Ba hana ka zan yi ba. Mutum mai mata da 'ya'ya biyar, ga tsohuwa da ake kaiwa asibiti Gusau duk wata, bai yi laifi ba don ya nemi abin da zai ɗauke su. Na sha ganinka ranar Juma'a ka jera yara uku a babur, ɗaya a kan tanki biyu a baya, gabana yana faɗuwa har sai kun sha kwana. Motar iyali a wurinka ba alfahari ba ce. Abin da nake so kawai shi ne ka san abin da za ka ɗauro wa kanka, ka shiga da idonka biyu.

Ni da gas tsohuwar sanayya ce. Da yaron mota na fara, a wata babbar mota mai bodin katako da ke kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi zuwa tashar jirgin ƙasa ta nan Ƙaura. Dogon nan da kuke tsallakawa kullum ba ku ko dubansa, a 1929 ya iso garin nan daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, nan ne kuma ƙarshensa, shi ya sa komai na wannan yanki a nan yake taruwa. Daga baya na samu Fijo 504, irin wadda kamfanin Kaduna ya fara haɗawa bayan an buɗe shi a 1975, na yi shekaru ina jigila da ita tsakanin Ƙaura, Gusau da Zariya. Da gwiwa ta fara ciwo, taka kuloci ya zama azaba, na sayi irin wadda kake sha'awa yanzu, Sharan mai gas, otomatik. Na ji daɗinta, ta kuma koya mini hankali. Duka biyun zan gaya maka.

Dillalinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, gishiri ya ƙara. Injin fetur sai fulogi ya ƙyasta masa wuta yake kamawa. Na gas ba ya da fulogi. Iska yake matsewa, ya matse ta har ta yi zafin da da zarar an feso mai a kanta sai ya kama da kansa. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya fito da dabarar, injinsa ya yi aiki yadda ake so a 1897, daga sunansa ne kuma aka samu "dizal" da kuke ji a rediyo, mu a tasha gas muke cewa, 'yan uwanmu na Maraɗi su ce gazuwal. Saboda ƙarfin matsin nan, da kuma cewa litar gas ta fi ta fetur ƙarfi da kaɗan, motar gas takan rage shan mai da kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci har ɗaya cikin uku. Rabi kam, sai a bakin mai neman la'ada. Tawa, in na miƙe hanya da iyali a ciki, lita 7 zuwa 8 take sha a kilomita 100, inda mai fetur irin girmanta ke shan 11 ko 12. Tankinta lita 70 ne, nakan cika shi in je Kano in dawo ban leƙa gidan mai ba. Ga kuma ƙarfin ja: ko ka cika ta da mutane da buhunan hatsi, ba ta nishi a hawa.

Yanzu je tashar Ƙaura gobe da safe ka tsaya ka ƙirga. Motar nan da 'yan kamasho ke kira Sharon, Volkswagen da Ford ne suka haɗa kai suka fitar da ita a 1995, a masana'anta ɗaya a ƙasar Fotugal, aka ba ta suna uku: Sharan, Galaxy da Alhambra. A Turai masu gas ɗinta aka fi saye. Amma ka tambayi direbobinmu, mutanen da abincinsu ya rataya a kan kowace lita, za ka tarar akasarinsu mai fetur suke ja, mai giyar hannu. Kana tsammanin ba su iya lissafi ba ne? Sun fi ni da kai iyawa. Abin da suka lissafa ya wuce abin da allon gidan mai ke nunawa.

Na farko, farashin kansa ba ya zama wuri ɗaya. Gwamnati ta cire hannunta daga farashin gas sama da shekara 20 da suka wuce, amma ta ci gaba da tallafa wa fetur. A 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, gas ya tashi daga ƙasa da naira 300 ya kai wajen 800, alhali farashin fetur na gwamnati bai kai 200 ba. A 2022 ɗin duk wanda ke da ƙaramar motar gas ya ji a jikinsa: ni ina biyan sama da 5,000 a tafiyar da maƙwabcina mai Sienna ke biyan 2,000 da 'yan kai, shi da motarsa ke shan mai kamar raƙumi. Tawa ta fi wata biyu a ƙarƙashin darbejiya, kaji suna kwana a ƙasanta. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, fetur ya haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ya taɓa 1,000. A 2024 ɗin kuma matatar Ɗangote da ke Legas ta fara sayar da gas, farashinsa ya ɗan sauko. Sai lissafi ya juye, mai gas ya fara dariya. Wa ya san inda zai juya baɗi?

Saboda haka ka ɗauki biro ka yi naka lissafin da farashin ranar da za ka saya. A ce fetur 1,000 ne, gas 1,300. Mai fetur ta sha lita 12, naira 12,000 ke nan a kilomita 100. Mai gas ta sha 7 da rabi, 9,750. Ka tsira da 2,250. Daɗi ne a ji. Amma kilomita nawa kake yi a wata? Daga gidanka zuwa wurin aiki, makarantar yara, kasuwa, masallacin Juma'a, sai Gusau sau biyu, wadda ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba. In na yi maka karamci in ce 800. Ribarka a wata 18,000. Injekta ɗaya in ta mutu, kuma huɗu gare ta, za ta cinye ribar watanni masu yawa a zama ɗaya. Gas na mai dogon zango ne. Wanda ke Kano ko Sakkwato duk mako shi yake cin moriyarsa. Mai zagayen cikin gari wahalarsa kawai yake ɗauka.

Na biyu, man da za ka zuba mata. A nan ne na sha tawa.

Wata damina ce, ranar Alhamis, mun je kasuwar Shinkafi da goggonka da jikoki biyu. Na yi sakaci ban cika tanki a Ƙaura ba. Da za mu dawo na ga allura ta kwanta, inda na saba sha kuma ba gas ranar, sai na tsaya wurin 'yan bumburutu na sayi galan biyu. Yaron ya tace mini da tsumma a bakin mazurari, na ga ya yi tsabta, na biya. Mun ɗan wuce Moriki sai na ji inji ya fara tari. Na taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta ja baya, ta yi shiru. Na gangara gefen hanya. La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗo daga gabas. Samari uku suka fito daga gona da fartanyoyinsu, Allah ya saka musu, suka ce, "Baba, shiga mu tura ka." Na ce, "'Ya'yana, wannan ba a turinta." Ɗaya ya dube ni ya ce, "Baba, wace irin mota ce wagga da ba a turi?" Ban samu amsar ba shi ba. Goggonka tana jan carbi, ƙaramin jikan yana tambayar ko a nan za mu kwana.

Wani direban babbar mota ne ya tsaya, dattijo kamata. Ya buɗe bonet, ya sa robar ruwa a ƙarƙashin filtar mai, ya sassauta ta. Ya ɗaga robar ya nuna mini a hasken da ya rage: mai a sama, ruwa mai launin ƙasa kwance a ƙasa, ya kai yatsa biyu. Ya ce, "Alhaji, ga ciwonka nan." Ya zuƙo gas mai kyau da tiyo daga tankinsa, ya cika filtar, muka yi ta ba ta ki har batir ya fara gajiya, a na ƙarshe ta kama. Ya ƙi karɓar ko sisi. Mun shigo Ƙaura ana kiran Isha'i. Bayan mako biyu kuma na biya kuɗin gyaran famfon mai, kuɗin da ya fi abin da na tara na rangwamen mai a shekarar.

A lokacin nan abin tsoronmu duhu ne da ruwan sama. Kai ka fi ni sanin yadda hanyar Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya suka koma yau, ba sai na faɗa ba. Motar da ta mutu maka a hanyoyin nan bayan la'asar, ba maganar kuɗin gyara ake yi ba. Ka kuma tuna watan Satumba na 2021, da aka yanke layin waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Wanda motarsa ta tsaya a daji a kwanakin nan ko wayar da zai kira bakanike ba ya da ita. Shi ya sa in ka tambaye ni wace mota ce ta fi, ba na fara duba wadda ta fi ƙarancin shan mai. Wadda za ta dawo da iyalinka gida kafin Magariba nake fara dubawa.

Injin gas na zamani ba irin na babbar motar da na yi wa yaro ba ne. Wancan ko kananzir aka gauraya masa zai yi hayaƙi ya wuce. Na yanzu yana feso mai ta ramukan da ba su fi kaurin gashin kai ba, da matsi mai tsananin ƙarfi, kuma man ne da kansa yake shafe ƙarafan famfon. Ɗigon ruwa, ƙwayar rairayi, ko kananzir da ya tsinka man, duk guba ne a wurinsa. Akwai kuma farar wuta da ke cikin man, wadda makanikai ke ce wa salfa. Turai tun 2009 ba ta yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, injinansu kuma a kan haka aka ƙera su. Mu a nan mun daɗe dokarmu tana yarda da har 3,000. A 2020 ne ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, abubuwa sun kuma ɗan gyaru, amma doka a takarda daban take da abin da ke cikin durom a bakin hanya.

Kuma ka tambayi shekarar motar, domin a gas sabuwa ba kullum ce ta fi dacewa da mu ba. Daga wajen 2010 motocin gas na Turai suna zuwa da wata matata a cikin salansa mai kama toka da baƙin hayaƙi. In ta cika, sai mota ta yi doguwar tafiya da gudu, salansa ta yi zafi sosai, sannan ta ƙone abin da ta tara. In daga gida zuwa makaranta kawai kake yi, ba ta samun wannan damar. Sai ta toshe, wuta ta kama a dashbod, mota ta ƙi wuce gudun keke. Waɗanda suka biyo baya kuma har da wani ruwa na musamman ake zuba musu, AdBlue, in ya ƙare wasu ba su tashi sam. A wane shago za ka same shi a Ƙaura? Za ka ji an ce a fasa matatar a zubar. Ana yi, amma in ba a gyara ƙwaƙwalwar motar daidai ba, fitina ce sabuwa, ga hayaƙin da 'ya'yanka za su riƙa shaƙa a ƙofar gida. Kar kuma arahar motocin nan ta ruɗe ka. Tun 2015 da aka kama Volkswagen ta yi coge a gwajin hayaƙin motoci kusan miliyan 11, Turawa suka fara juya wa gas baya, biranensu da dama suka hana tsofaffin masu gas shiga. Abin da suka gaji da shi ne ake loda mana a jirgin ruwa.

Maganar otomatik kuwa, ni mai yabonta ne, ko da abokaina na tasha za su ce motar malalata ce. Sun manta gwiwa tana tsufa. Kuma akwai abin da ya fi wannan: mai ɗakinka za ta iya koyonta cikin mako biyu. Ranar da kake Gusau yaro ya tashi da zazzaɓi, ko tsohuwa ta kasa numfashi, ba sai an tsaya neman direba a unguwa ba. Wannan kaɗai ya isa dalili. Sai dai tana da sharuɗɗanta, kuma ba ta yafiya. Ba a turinta ta tashi, don haka batir ɗinka ya zama lafiyayye kullum, injin gas kuma babban batir yake so. Ranar da ka ji ki ya fara ja da nauyi da safe, ranar za ka canza, ba sai ya kunyata ka ba. Ba a ɗaure ta da igiya a ja ta nesa da tayoyin gaba a ƙasa, domin in inji ba ya aiki man giya ba ya zagayawa, sai ka isa gari da giyabos ƙonanne. Ba a jefa ta ribas tana cikin gangarawa gaba. Man giyarta nata ne na musamman, ba kowane jan mai ba, kuma kar ka yarda da mai ce maka ba a taɓa canza shi har abada. A zafin Afrilu na garin nan, da ake haura digiri 40, mai ma gajiya yake yi. Ka sani kuma, tsohuwar otomatik mai giya huɗu ko biyar ta fi ta hannu shan mai da kusan lita ɗaya a kilomita 100. Wani ɓangare na ribar gas ɗin a nan yake zurarewa, dillali ba zai gaya maka ba.

Na uku, kuma shi ne babba: wa zai taɓa maka ita? Makanikanmu na Ƙaura gwanaye ne, ban raina su ba. Ka kawo musu Golf ko Sharon mai fetur, ido rufe za su kwance inji su mayar. Masu gyaran manyan motocin gas ma akwai su. Amma ƙaramar motar gas mai ƙwaƙwalwa, ga otomatik a kai, ta faɗa tsakani: mai gyaran tirela bai saba da wayoyinta ba, mai gyaran ƙananan motoci bai saba da famfonta ba. Bakanike nagari zai ce maka, "Alhaji, kai ta Gusau." Wanda ba ya tsoron Allah kuwa zai koyi aiki a kan motarka da kuɗinka, yau ya canza wannan, gobe wancan. Kayan gyaranta kuma sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, in ba a dace ba har Ladipo a Legas, mota tana zaune mako biyu tana jiran abin da bai fi tafin hannu ba. Kafin ka nemi mota, nemi bakaniken. Ka je garejinsa ka ga ko akwai irinta a ajiye, ka ga ko yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ka tambayi masu irinta ko suna komawa wurinsa. In babu shi tsakanin Ƙaura da Gusau, to motar ba ta garin nan ba ce, komai kyanta.

Wani abu da nake roƙonka, ko wace iri ka saya: kar ka bari a cire maka tamostat a ce wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye. Al'ada ce da ta bi garejinmu duka. Injin gas da ba ya kai zafinsa ya fi shan mai, ya fi tara toka, ya fi saurin tsufa. In tana zafi, a wanke lagireto a nemo dalili.

In ka je ganinta, kar ka yi cinikin biri a sama, hoto ba mota ba ne. Ka isa da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbata da sanyinsa, domin injin gas mai ciwo da safe yake tona kansa. A kunna a gabanka. Lafiyayye yana kamawa nan take bayan wutar hita da ke dashbod ta mutu. Ka zagaya baya ka duba hayaƙi: shuɗi, tana cin baƙin mai, fari mai yawa da ba ya ɗaukewa, ko ruwa ko injekta, baƙi, mai ya fi iska yawa. Ka buɗe murfin baƙin mai tana aiki, in tana huci kamar tukunyar dambu, inji ya gaji. Ka ja ta har ta yi zafi sosai, domin giyar otomatik mai matsala da sanyi lafiya lau take, sai ta ɗumama take fara fizga ko jinkirin shiga. Lambar kilomita da ke dashbod kar ka ba ta muhimmanci, ana mayar da ita baya kamar agogo. Dubi yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye. Ka tambayi yaushe aka canza taimin bel, in an yi shiru ka sa kuɗinsa cikin ciniki, domin in ya tsinke a injin gas, inji ya tafi. Ka durƙusa ka duba ƙasanta, motocin nan gajeru ne, ramukan damina kuma ba su san tsada ba. Sannan takardu. A da motocin Kwatano ta Maraɗi da Jibiya suke shigo mana, har Janairun 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. Tun daga nan takardun kwastan na bogi suka yawaita. Ka tabbatar da diyutinta a ofis kafin kuɗi ya bar hannunka.

In Allah ya sa ta zama taka, ka riƙa shan mai inda manyan motoci ke sha, inda gas ba ya kwana a tanki. Ka fito ka tsaya a kan yaron gidan mai, domin ganin ƙaramar mota hannunsa fetur yake nufa. In ya riga ya zuba, kar ka ko murɗa makulli, a zuƙe tukuna. Kar ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, in ta sha iska sai an sha wahala. Filtar mai ka ajiye spaya a but, ta iska kuma a riƙa duba ta duk mako da hunturu. Bayan doguwar tafiya ka bar ta ta huta minti ɗaya tana aiki kafin ka kashe, saboda turbo. Kujera bakwai kuma mutum bakwai ake nufi, ba goma sha ɗaya irin na tasha ba, yara a baya da bel, ba a cinyar uwarsu a gaba ba.

Akwai kuɗin da ba ka sa a lissafinka ba, na tabbata. Mai babbar mota a unguwa, motar ba tasa ba ce shi kaɗai. Za a buga maka ƙofa ƙarfe biyun dare mace tana naƙuda. Za a zo ɗaukar amarya, za a zo rakiyar gawa, ba kuma wanda zai tambaye ka nawa ne lita. Ka yi da zuciya ɗaya, lada ne, ni ma albarkacin irin wannan na ga dattijon nan ya tsaya mini a bayan Moriki. Amma ka ware masa kasonsa tun yanzu, don kar ka wayi gari kana ɓoye wa maƙwabta. Makullin kuma ya zauna a hannunka ko na mai ɗakinka. Otomatik ba ta son hannu da yawa. Kar ka sayar da gonar gado don mota, kar kuma ka zuba duk abin da ka tara a ciniki. In kuɗinka goma ne, sayi ta takwas, biyun na taya da batir da abin da zai ɓullo a wata ukun farko ne, kuma zai ɓullo. Fara mai ƙyalli da baƙin gilashi ma ka sake tunani; a zamanin nan motar da ba a waiwayenta ta fi kwanciyar hankali.

Da ni ne kai, da irin zirga-zirgarka ta cikin gari, mai fetur zan saya, otomatik, irin wadda kowane gareji a Ƙaura ya san cikinta, in haƙura da lita huɗun nan. In kuwa maganar da ka yi mini ta fara kai kaya Kano duk mako ta tabbata, to gas ɗin ta dace da kai, amma tsohon injin 1.9 marar matatar salansa, kuma bayan ka samu mai gyaranta. Ka biyo ta gida ranar Asabar bayan sallar Asuba mu tafi Gusau tare da bakanikena, mu riske ta tun injinta da sanyi. Kar ka gaya wa dillalin muna zuwa. Ka gaida mahaifiyarka da mai ɗakinka da yaran.